Ƙudujin Gonar Malam Ɗahiru

A rumfata aka ƙulla maganar, a kasuwar Kankiya, tsakanin buhunan dawa da na gero. Ni dillalin hatsi ne, kuma mutane sun saba, in suna son shaidar da ba za ta manta ba, sai su zo su yi cinikinsu a gabana. Malam Ɗahiru na Sukuntuni yana bisa benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Dakta Amatullah kuwa ta zauna a gefen tabarma ta wajen ƙofa. Ɗiyar marigayi Shehu tela ce na bakin tasha, mun san ta tun tana goye, yanzu tana koyar da ilimin noma a jami'a.

"Baba, gonarka nake so," in ji ta. "Ba saye ba, ba jingina ba. Aro na shekara uku, kuma kai za ka ci gaba da nomanta."

"Wacce daga ciki?"

"Ta bakin hanya. Mai ƙuduji."

Ɗahiru ya sauke ƙafarsa. "Ɗiyata, duk gonakina ba ki ga wadda za ki roƙa ba sai wadda nake jin kunyarta?"

Wanda bai san ƙuduji ba, shi ne haki mai fure ruwan hoda da wasu ke kira wuta-wuta. Yana liƙe wa saiwar dawa da gero a ƙarƙashin ƙasa, ya tsotse su, sai ka iske dawa ta tsaya iya ƙugu kamar wadda aka yi wa baki. Manomin da yake da shi ba ya son a gani.

Amatullah ta yi masa bayani. Akwai wata gidauniya mai ofis a Abuja da ke ɗaukar nauyin masu bincike. Ita tana da dabarar da take son gwadawa, ta haɗa wani irin dawa da waken suya a juya su a gona, a ga ko ƙuduji zai ragu. Za ta rubuta ta aika. In an amince, za a ba da iri da kayan aiki, ɗalibai su riƙa zuwa suna aunawa, a kuma kafa allo a bakin gona.

"Allo?" in ji Ɗahiru. "Da suna?"

"Da sunan gidauniya, da nawa, da na mai gona."

"To ga sharaɗina. Sunana da manyan baƙaƙe, kuma allon ya fuskanci hanya, yadda mai babur zai karanta ba sai ya tsaya ba."

Ta yi murmushi. "Na yarda, Baba. Ga nawa. A gonar nan, abin da na ce a yi, a yi. Inda na ce a bari, a bari."

"Wannan ai ba sharaɗi ba ne, sauƙi ne."

Da yake ba musabaha za su yi ba, hannuna ya kama a madadin nata. Na ce Allah ya sa albarka, muka shafa fatiha, na fasa goro. A satin nan ta je da ɗalibanta suka bi gonar, suka kakkafa turaku nan da can, kowane da ƙyallen jan yadi, don su san wuraren da suka auna yawan ƙudujin.

Kafin damina ta aika takardunta. Duk sanda ta shigo Kankiya ganin mahaifiyarta, takan biyo ta rumfata, ni kuma ba na barin ta sai na ji inda aka kwana. Ita ta gaya mini yadda mutanen nan ke aikinsu, kuma na ga ba su da nisa da mu. Da farko sai a cire sunan mai nema, a miƙa rubutunsa ga malaman da ba su san shi ba, kowa ya duba shi kaɗai ya ba da maki. Daga nan a tankaɗe, mafi yawa su zube. Waɗanda suka rage, ba a yarda da bakin takarda kawai, sai an turo mutane sun taka gonar da ƙafarsu. Bayan sun koma ne kwamiti zai zauna ya yanke. Na ce mata, "Ashe su ma ba sa sayen buhu da abin da ke bakinsa, sai sun zura hannu har gindi."

Damina ta yi tsakiya sai ga ta da labari. Ta tsallake tankaɗe. Amma a yankinmu nema biyu suka rage a kan ƙuduji, kuma ɗaya za a ɗauka. Ɗayan na wani Dakta Sharafaddeen ne, gonar da ya samu kuwa tana Yashe, cikin ƙasar Kusada.

Ɗahiru yana rumfar a lokacin. "Yashe?" ya ce. "Gonar wa?"

"Wani dattijo, wai shi Kabo."

Na ga goron da ke hannunsa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

Kabo ɗan gwaggon Ɗahiru ne, taubashinsa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Ɗahiru ba mugu ba ne, zai iya cire rigar wuyansa ya ba ka. Amma in ya ji kazar Kabo ta ƙyanƙyashe, ranar tuwo ba zai yi masa daɗi ba. Kuma ban ga laifinsa duka ba. Shi ne mai fita gona tun asuba, shi ya taɓa cin gasar noma har aka ba shi injin feshi. Kabo kuwa sai rana ta yi zafi yake tunawa yana da fartanya. Duk da haka, rijiyar burtsatse da aka kawo Yashe a ƙofar gidan Kabo ta faɗa. Kujerar Makka da wani ɗan siyasa ya raba, Kabo ta samu. Ɗahiru yakan ce, da Kabo zai faɗa rijiya, da guga zai fito a hannu.

"Wannan karon ba zai ci ba," ya ce mini bayan ta tafi. "Gona ce ake magana, Dillali. Gona! In aka zo gona ma Kabo ya kayar da ni, to in tattara in koma gari in riƙa sayar da rake."

Da aka sa ranar zuwan masu dubawa, Amatullah ta kira shi a waya. Muna tare, ya buɗe muryar wayar don in ji. Ta ce jarrabawa ta riƙe ta a makaranta, ba za ta samu zuwa ba sai a ranar, tare za su iso da baƙin.

"Baba, don Allah kada ka taɓa gonar. Ka bar ta yadda take. Kuma kada ka wahalar da kanka da komai, ba wani shiri ake so ba."

"To, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

Ranar kasuwa ta gaba sai ga Kabo a rumfata, da hularsa a karkace, yana tauna rake. Gajere ne, mai fara'a, irin mutanen da ba ka iya gane ko wayo gare su ko sa'a.

"A'a, bawana! Kana nan ashe," ya ce wa Ɗahiru. "Shekaranjiya na ratsa ta Sukuntuni ɗaurin aure, na biyo ta gonarka. Wallahi na zaci a can ake bikin, na ga an shanya zannuwa ruwan hoda. Furanni ka koma nomawa bana?"

"Rago ba ya gane gona sai a bakin hanya."

"Ni dai tausayinka nake ji. Farfesoshi daga Abuja, da abin ɗaukar hoto. Hoton nan har ƙasar waje zai kai, a rubuta a ƙasansa: ga gonar gwanin Sukuntuni, mai injin feshi."

Mutanen rumfa suka fashe da dariya. Ɗahiru ya ce, "Taka fa? Ko kuraye sun bar kwana a ciki?"

"Tawa?" Kabo ya tofar da ɓawon rake. "Ni ai na san yadda ake tarbar baƙo." Ya ɗauki goro ɗaya a farantina bai tambaya ba, ya wuce.

Ni na daɗe a kasuwa. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Na ce wa Ɗahiru, "Yarinyar nan dai ta ce ka bar gonar yadda take. A gabana ka ɗauki sharaɗin."

"Haba Dillali, har da kai? Wane baƙo ne ya taɓa aiko cewa a wahala? In surukinka ya ce kada a yanka kaza, ka taɓa barin kazar da rai? Ɗiyar mutunci ce, kunya take ji ta ce wa sa'an ubanta ya gyara gona. Ni ne zan gane."

"Wannan ba suruki ba ne. Ƙudujin suka zo gani."

"Sun san akwai shi, ai ta rubuta musu. Mi za su zo gani kuma? Mutumin da za a ba amana suka zo gani. Ka ji abin da wancan ya ce? Ya san yadda ake tarbar baƙo. Yana can yana share tasa, yana so in zauna in saki baki, a zo a iske ni cikin ƙazanta, shi a iske shi fes. Ba a haife shi ba."

Na faɗa sau biyu, ban ƙara ba. Dillali yana nuna maka aibin kaya, amma ba ya riƙe maka hannu.

Matarsa Turai ma ta taɓa maganar, ita da kanta ta gaya wa mai ɗakina. Ta ce masa, "Malam, in an kira likita gida, ɓoye majinyacin ake?" Ya ce ta ji da jiƙa gero, fura ake so mai yawa.

Gayya ya kira. An daɗe ba a ga irinta a Sukuntuni ba, don yanzu kowa kuɗin ƙwadago ya sani. Ya ɗauko makaɗi, ya yanka akuya, samari suka jeru daga wannan iyaka zuwa waccan suna tumɓuke ƙuduji, makaɗi na zuga su, yana kiran Ɗahiru bijimin da ba ya kwana da haki. Kafin la'asar babu fure ko ɗaya a tsaye. Aka tara shi can bayan gona aka cinna wuta. Washegari ya bi dawar da takin zamani don ta ɗan yi kore. Ya sa aka share hanyar shiga. Sai idonsa ya kai kan turakun Amatullah, ɗaya nan, ɗaya can, babu tsari, ga tsummoki suna lilo. Ya ce yara ne suka kafa su, ba su san layi ba. Ya sa aka tuge su duka, aka shafa musu farar ƙasa, aka jera su a bakin hanya, tazara ɗaya, kamar sojoji.

Gaskiya gonar ta yi kyau. Da ni mai saye ne, da na taya.

Ranar da za su zo ya aiko mini da babur. Na iske an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, rago na kan wuta, shi kuma yana cikin babbar riga da ta sha bugu. Hantsi ya ɗaga sai ga mota biyu. Shugabar baƙin wata dattijuwa ce, Farfesa Zuhura, da takalmin roba a ƙafarta da lema a hannu, da maza biyu a bayanta. Amatullah ta fito daga mota ta biyu tana murmushi, ta ɗaga kai ta dubi gonar. Murmushin ya tafi. Ta dubi turakun da ke jere, ta dafa mota.

"Baba," ta ce a hankali, "mi ya faru?"

"Ba komai, ɗiyata, ɗan abin da ya sawwaƙa ne. Ba zan bari ki ji kunya ba."

Ya yi wa baƙi maraba, ya ba su tarihin gonar tun daga kakansa, bai manta da injin feshi ba. Farfesa ta saurara har ya gama. Sannan ta shiga cikin dawar, ta yi tafiya mai nisa, ta tsuguna ta ɗebi ƙasa, ta ga ƙwayoyin taki, ta miƙe ta dawo.

"Malam, sannu da aiki. Ina ƙudujin?"

"Ranki ya daɗe, ai mu nan ba ma barin baƙo ya ga ƙazanta."

"Dakta ba ta ce a bar gonar yadda take ba?"

"Ta faɗa, ranki ya daɗe. Yarinya ce mai kunya, haka ubanta yake."

Ɗaya daga cikin mazan ya juya baya yana tari. Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Irin ƙuduji yana nan cikin ƙasa, baɗi zai fito, wannan bai dame ni ba. Ga tambayata. In aka ba da aikin nan, za a raba gonar. Wani yanki za a yi masa sabuwar dabara. Wani yankin kuma za a bar shi haka nan, don a samu abin kwatantawa. Ƙuduji zai cinye dawar kana kallo, a nan bakin hanya, kowa na wucewa, shekara uku. Za ka iya barinsa?"

Na so ya dube ni, ko ya dubi Amatullah. Bai dubi kowa ba. Ya ɗauka gwada shi ake, a ga ko rago ne. Ya gyara wuyan riga.

"Ni? Ina numfashi? Allah ya kiyaye, ranki ya daɗe! Ko ɗaya ya leƙo, kafin ya buɗe ido na tuge shi. Wannan sai dai a Yashe."

Amatullah ta sunkuyar da kai. Farfesa ta ce, "Na gode, Malam, ka gaya mini gaskiya."

Aka ce su zauna ga abinci. Ta ba da haƙuri, ta ce dokar gidauniya ba ta yarda su ci ko su karɓi wani abu daga hannun wanda suka zo dubawa ba, ruwa kaɗai za su sha. Buhun geron tsaraba da aka riga aka kai bayan motarsu, sai da aka sauke shi. Suka shiga mota suka nufi Yashe. Mutanen Sukuntuni suka zagaye ragon.

Ɗahiru ya tsaya yana kallon hanya. Can ya ce, "Dillali, hau mu je. Ina so in ga abin da wancan ya tanada."

Tun daga nesa muka hango gonar Kabo. Ruwan hoda daga farko har ƙarshe, dawar kuwa sai ka nema. Ba rumfa, ba tabarma, ba ko tsintsiya da ta taɓa wurin. Kabo yana zaune a gindin gawo da tsohuwar riga, da tulun ruwa a gefensa. Turakun Dakta Sharafaddeen suna nan inda ya kafa su, wasu har sun karkace.

Baƙin suna shiga gonar suka canza kamar yaran da aka saka a gonar rake. Wannan ya tsuguna, wancan ya tona saiwa, ana aunawa, ana ɗaukar hoto. Farfesa ta ciro wani gindin dawa da ƙuduji manne da shi, ta ɗaga shi sama tana nuna wa sauran.

"Dubi yadda take riƙe da shi," in ji Ɗahiru a kunnena. "Kamar jikanta. Nawa ya fi wannan tsawo, Dillali. Wallahi nawa ya fi wannan kauri. Ka gan shi ai kafin a cire."

"Na gan shi."

"To ka gaya musu mana!"

"In gaya musu yana ina? Cikin toka?"

Farfesa ta yi wa Kabo tambayar da ta yi a Sukuntuni, kalma ɗaya ba ta sauya ba. Kabo ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, yanki ɗaya kawai? Ni ko duka kika ce in bari, zan bari. Dakta ya ce kada in taɓa, ni kuwa ban taɓa jin umarni mai daɗi irin wannan ba. Ga bawana can a tsaye da babbar riga, tambaye shi, zai ba da shaida tun muna yara ban taɓa tsoma wa haki baki ba."

Kowa ya yi dariya, har Farfesa. Ɗahiru ya tada babur bai yi sallama ba, sai da na yi gudu na kama shi.

Bayan an yi girbi amsa ta fito. Amatullah ta iske mu a rumfa, ni da Ɗahiru, ta gaishe mu kamar kullum, ta zauna inda ta zauna ranar farko. Ta ce kwamiti ya ɗauki na Yashe. Malaman da suka duba rubutu sun fi ba nata maki, an rubuto mata haka. Amma masu zuwa gona sun ce awon da ta yi ya ɓaci tunda an tuge turaku an zuba taki, kuma ba su ga alamar mai gona zai iya riƙe tsarin har ƙarshe ba. Sun ce dabararta tana da kyau, ta sake nema baɗi da wata gonar.

Ɗahiru ya ce, "Ba sai an nemi wata ba, ɗiyata. Kin ji matar nan da bakinta ta ce zai fito baɗi. Zan bar shi. Ko ya kai rufin ɗaki ba zan taɓa ba."

"Na sani, Baba. Amma sun riga sun rubuta sunan gonar. In na sake kai ta, ni za su ce ban ji magana ba. Na yi magana da wani manomi a garin Boko."

"Boko? Kusada kuma?"

"Can na samu."

Ba ta ɗaga masa murya ba, ba ta ce ka cuce ni ba. Ta yi mana sallama ta tafi. Na fi son da ta yi faɗa, shi ma na san ya fi so.

Da aka zo kafa allo a Yashe, Kabo ya aiko wa Ɗahiru da goron gayyata, da saƙon cewa ya taho da injin feshinsa a yi wa baƙi yayyafi saboda zafi. Bai je ba. Amma bayan kwana biyu wani mai mota ya gaya mini ya gan shi a tsaye gaban allon, yana auna tsawon baƙaƙen sunan Kabo da yatsa. Da muka haɗu da Ɗahiru, shi ya fara tada maganar. Ya ce ƙanana ne, mai babur ba zai iya karantawa ba sai ya tsaya.

Na taɓa tambayar Kabo, mu biyu, ko da gangan ya je rumfata ya zuga shi. Ya ce, "Ni? Wasan taubashi kawai na yi, kamar yadda muka gada." Sai ya ƙyafta ido, ko kuwa ƙura ce ta shiga masa, Allah masani.

Damina ta zagayo. Ƙuduji ya fito a gonar Ɗahiru ta bakin hanya, ya fi na bara. Bai taɓa ko ɗaya ba. Turai ta yi magana har ta gaji. Duk wanda ya tsaya a wurin, sai ya ja shi ciki ya nuna masa, ya ce ya je Yashe ya gani in na can ya kama ƙafar wannan. Ba wanda ya zo daga Abuja.

Mu a sana'armu ba a tashi kasuwa sai an san wa ya ci, wa aka ci. Kabo ya ci: yana da allo, yana da iri, ɗalibai na zuwa suna gaishe shi da Baba, kuma a karon farko a rayuwarsa ana yaba masa don bai yi noma ba. Dakta Sharafaddeen ya ci. Samarin Sukuntuni sun ci akuya, sun ci rago. Amatullah ta yi asarar shekara guda a kan laifin da ba nata ba, ko da yake na ji na Boko ya tsallake tankaɗe, ana jiran masu zuwa gona, kuma wannan karon ita da kanta ta koma zama a bakin gonar. Ɗahiru kuwa ya yi asara sau biyu: bara ya rasa allo don ya cire ƙuduji, bana ya rasa dawa don ya bar shi.